Tafkin Kliluk: Inda Hange Ya Fi Shiga

Tafiyar kusan awa biyu muka yi daga Kelowna. Muka bi kwarin Okanagan muka nausa kudu, muka ratsa Penticton da Oliver, gonakin 'ya'yan itace da na inabi hagu da dama, har muka isa Osoyoos, garin da ke dab da iyakar Kanada da Amurka a lardin Birtish Kolombiya. Daga nan muka ɗauki babbar hanya mai lamba 3, muka yi yamma, muka fara hawa tudu. Kusan kilomita 10 muka yi, sai ɗan yayata, wanda ke karatu a can kuma shi ke tuƙi, ya rage gudu ya tsaya a gefen titi. Watan Agusta ne, ana wani irin zafi da ban yi zaton akwai shi a Kanada ba. Tsaunuka a bushe, ciyawa ta ƙone, iska ba ta motsi.

Can ƙasa cikin kwari tafkin yake kwance. Tsawonsa bai kai kilomita guda ba, amma ban taɓa ganin ruwa mai irin wannan kama ba. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano, ya ƙaddara an faɗaɗa ta an shimfiɗa a tsakiyar daji: ɗaruruwan da'irori manya da ƙanana, kowace da bakinta na busasshiyar laka mai fari-fari, kowace da nata launi. Wata ruwan ɗorawa, wata kore-kore, wata shuɗi-shuɗi, wata kamar an zuba madara. Turawa suna ce masa Spotted Lake, wato tafki mai roɗi-roɗi. Masu shi, mutanen Syilx, Kliluk suke kiransa tun kafin Bature ya taka wannan kwari. Tsakaninmu da shi akwai shinge, da ƙofa a rufe, da allo mai bayanin cewa wurin mai alfarma ne ga 'yan asalin yankin.

Yaron nan ya dafa shingen, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Kawu, wannan ai hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Awa biyu a hanya, a ce ko yatsa ba za mu tsoma ba?"

Ban ba shi amsa mai gamsarwa a lokacin ba, domin ni ma raina ya so in gangara. Amma tun ranar nake juya maganar, kuma ga inda na tsaya: shingen nan yana kan daidai, wanda ya je ya tsaya a bayansa ba a tauye masa komai ba, kuma mu Hausawa muna da dalilin fahimtar haka fiye da mutane da yawa.

Bari in fara da ruwan kansa. Kliluk ba shi da mafita, babu rafin da ke fita daga cikinsa. Dusar ƙanƙarar da ta narke a tsaunukan da ke kewaye, da ruwan sama, da wanda ke tsattsafowa daga ƙasa, duk suna wanko gishirin duwatsu su taru a kwarin, su tsaya. A watannin sanyi da lokacin da ƙanƙara ke narkewa ruwa yakan rufe da'irorin, ka gan shi kamar kowane tafki. Da zafi ya kama sai rana ta yi ta zuƙe ruwan, gishiri ya zauna. Shekara da shekaru ana haka har ya zama ɗaya daga cikin ruwaye mafi kaurin ma'adinai da aka sani. Abin da ya fi yawa a cikinsa shi ne magniziyam salfet, sai kalsiyam da sodiyam salfet, har da ɗan ɓurɓushin azurfa. Launin kowace da'ira ya danganta da irin haɗin da ke cikinta da yawan ruwan da ya rage mata, shi ya sa wanda ya je a Yuli da wanda ya je a Satumba ba abu ɗaya za su gani ba.

Wanda ya taɓa zuwa Tegidda-n-Tesemt, arewa da Ingal a jihar Agadas, ba zai yi baƙunta da wannan hoto ba. Can ma ƙananan ramuka ne zagayayyu, jajaye da rawaya da farare, ana zuba ruwan gishiri rana ta shanye. Bambancin shi ne na Tegidda hannun mutane ne ya tona, na Kliluk kuwa babu wanda ya tona. Kuma mu da muka tashi da kanwa a kowane madafi, muka san kantun gishirin Balma da raƙuma ke kawowa, muka ga makiyayi yana sayen kanwar dabbobi kamar yadda yake sayen hatsi, ba sai an yi mana dogon bayani ba kafin mu yarda cewa gishirin ƙasa magani ne. Magniziyam salfet ɗin nan shi ne gishirin Efsom da ake sayarwa a kantin magani. Shi ne kuma, bayan an tace shi, ake yi wa mai ciki allurarsa a asibitocinmu idan jijjiga ta kama ta, kuma Allah kaɗai ya san adadin matan da ya zama sanadin tsirarsu. Saboda haka da mutanen Syilx suka ce tafkinsu tafkin magani ne, maganarsu tana da tushe a cikin ruwan.

Sai dai su ba nan suka tsaya ba. A wajensu Kliluk sarki ne a cikin tafkuna. Suna cewa da'irorinsa 365 ne, daidai da kwanakin shekara, kowace da abin da take warkarwa. Ƙabilu daga nesa sukan zo neman laka da ruwan don raunuka da ciwon jiki. Ana ba da labarin cewa an taɓa tsagaita yaƙi tsakanin ɓangarori biyu domin kowa ya kawo masu rauninsa bakin tafkin. Kewaye da shi akwai tarin duwatsun da masu zuwa addu'a suka jera tun zamanin kakanni, wasu har sun nutse cikin ƙasa don tsufa. Wurin asibiti ne, wurin ibada ne, wurin tunawa da magabata ne, duk a haɗe. Wannan shi ne abin da baƙo mai waya a hannu yake neman ya taka da takalmi.

To yaya aka yi har wuri irin wannan ya fita daga hannun masu shi? A 1846 Birtaniya da Amurka suka ja layi a kan taswira suka raba yankin, layin ya tsaga ƙasar Syilx gida biyu, wasu suka wayi gari a Kanada ta yau, 'yan'uwansu a jihar Washinton. Ba a tambaye su ba. Mu ma mun san irin wannan layi, shi ne ya raba Katsina da Maraɗi. Mafi yawan ƙasar Birtish Kolombiya ba a taɓa ƙulla yarjejeniyar miƙa ta da 'yan asalinta ba, kuma ƙasar Syilx tana cikin wadda ba a ƙulla ba. An dai tattara su an killace a 'yan ƙananan filaye, sauran aka raba wa baƙi masu kiwon shanu da masu gonaki. A 1876 aka kafa dokar da ta danƙa kusan duk rayuwar 'yan asalin ƙasa a hannun gwamnati. Daga 1885 zuwa 1951 doka ta haramta wasu manyan bukukuwansu na gargajiya. Daga 1927 zuwa 1951 laifi ne su tara kuɗi don ɗaukar lauya ya bi musu haƙƙin ƙasa ba tare da izinin hukuma ba. A tsaya a yi tunanin wannan: an ƙwace maka gona, sannan an kafa dokar da ta hana ka kai ƙara. Ga kuma makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka kwashi yara kimanin 150,000 a faɗin ƙasar, aka raba su da iyaye, aka hana su magana da harshensu. Ta ƙarshe ba a rufe ta ba sai a shekarun 1990. Yau masu jin harshen Syilx tsantsa tun daga nono tsiraru ne, yawancinsu tsofaffi.

A cikin wannan yanayi tafkin ya zama kadara kamar kowace kadara. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka sa leburori 'yan Sin suna kwasar gishirinsa ana turawa masana'antun albarusai a gabashin Kanada. Wurin da ake labarin an ajiye makami a bakinsa don jinyar masu rauni, daga nan aka ɗebi kayan haɗa makami. Daga baya filin ya shiga hannun wani iyali na Turawa, ya yi shekaru kusan 40 a wajensu. A 1979 mai filin ya nemi ya gina wurin wankan magani da shaƙatawa a bakin tafkin. A shekarar ce dattawa da sarakunan Okanagan, wato na mutanen Syilx, suka taru suka fitar da matsaya a rubuce kan abin da Kliluk yake nufi a gare su, suka tsaya kai da fata cewa ba za a yi ba. Ba a yi ba. Amma tafkin bai dawo hannunsu ba sai a watan Oktoba na 2001, bayan shekara 22, lokacin da aka sayi hekta 22 a kan dalar Kanada 720,000. Su suka kawo kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, gwamnatin tarayya ta biya sauran.

Saye fa. Abin da kakanninsu ba su taɓa sayarwa ba, sai da suka haɗa kuɗi kafin su samu mabuɗin ƙofarsa. Duk wanda ya san wannan tarihi ya kuma tsaya a bakin shingen yana ƙunƙunin an hana shi shiga, ina roƙonsa ya sake lissafi: wa aka fi daɗewa ana hanawa?

A al'adarmu ba a faɗa wa gidan mutum kai tsaye. Ana tsayawa a ƙofar zaure a yi sallama, a jira. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a bangonsa, babu mai hankalin da ke ɗaukar rubutun a matsayin zagi. Muna cewa baƙon da bai yi sallama ba mugu ne. Muna da kalmar hurumi, filin da aka keɓe wa gari ko masallaci ko maƙabarta, wanda ba a nomawa, ba a ginawa, ko da kuwa ƙasarsa ta fi ta ko'ina kyau. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an umarce mu kada mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, idan kuma aka ce mu koma, mu koma, shi ya fi mana tsarki. Hadisi ya ƙara da cewa neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan karantarwa shi ne ba a ɗora wa mai gida nauyin kawo dalili ba. Ba a ce sai ya gamsar da kai ba. Cewarsa "koma" ta isa. To mutanen Syilx sun ma yi fiye da haka: sun faɗi dalili, sun bar wurin tsayawa a bakin hanya inda ake ganin tafkin gaba ɗaya ba tare da biyan ko sisi ba, kuma mai buƙatar wucewa ciki yana iya neman izini a wajen ƙungiyar da ta haɗa al'ummominsu, Okanagan Nation Alliance, wadda aka kafa a 1981.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, domin an faɗa mini shi da baki: "Malam, ruwa ne fa da laka. Tsarkake tafki ai shirka ce. Don me Musulmi zai girmama abin da bai yarda da shi ba?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan kauce mata ba. Ni ban yi imani cewa tafki yana da wani iko na kansa ba, kuma babu wanda ya nemi in yi. Allon da ke bakin hanya bai ce ka yi sujada ba, bai ce ka jera dutse ba. Abin da ake nema a wajenka kawai shi ne kada ka tsallake shinge. Girmama haƙƙin mutum daban, karɓar aƙidarsa daban. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana mu zagin abin da wasu ke kira, kuma hadisin da ya yi gargaɗi ga wanda ya ci taki ɗaya na ƙasar wani da zalunci sananne ne a kowace makarantar zaure. Zalunci haramun ne ko a kan wa aka yi shi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya sa mu yi hattara. A hanyar shiga Makka akwai allon da ke karkatar da wanda ba Musulmi ba zuwa wata hanya. Ba na daidaita Harami da wani wuri a bayan ƙasa, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi shi ne, hujjar da baƙon Kliluk ke kawowa, cewa shi bai yarda da tsarkin wurin ba don haka iyakar ba ta hau kansa ba, ita ce hujjar da za mu ƙi saurara idan wani ya kawo ta a kan abin da muke girmamawa. Idan alfarmar wuri sai ta samu amincewar baƙo kafin ta yi aiki, to babu wuri mai alfarma da zai rage a duniya, domin kowane wuri akwai wanda bai yarda da shi ba.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, kuma 'yan Kanada da kansu suna iya kawo ta. Kashi huɗu cikin biyar na kuɗin sayen daga aljihun gwamnati ya fito, wato harajin kowa. Abin da aka saya da kuɗin jama'a, me zai sa a rufe wa jama'a? Kuma abin al'ajabi irin wannan, da Allah ya halitta, ai na 'yan Adam ne duka. Na ɗauki wannan magana da muhimmanci, domin na ga inda ake fakewa da al'ada a killace abin da ya kamata kowa ya amfana da shi. Amma a nan ba ta zauna ba. Kuɗin da gwamnati ta biya ba jari ta zuba don buɗe wurin shaƙatawa ba, gyaran ɓarna ta yi. Hukuma ce ta ba da filin ga wanda ba nasa ba tun farko, ita ce kuma ta fanso shi. Wanda ya mayar da akuyar da aka ɗauka ba da haƙƙi ba, ba ya cewa tunda shi ya biya kuɗin mota yana da rabo a nononta. Batun cewa abin al'ajabi na kowa ne kuwa, abin da ke na kowa a Kliluk shi ne ganinsa, kuma ba a hana kowa gani ba. Hasali ma daga saman hanya aka fi ganin tsarin da'irorin. Wanda ya gangara ciki laka kawai zai gani a gabansa.

Sannan a yi maganar ƙafa. Idan ruwa ya janye, lakar da ke tsakanin da'irorin takan bushe ta zama kamar 'yan siraran hanyoyi, ita ce ke jan mutum ya taka. Mutum ɗaya ya taka, wataƙila ba a ga komai ba. Amma wuri ne da ke bakin babbar hanya, hotonsa ya cika intanet, kuma kowane mai wucewa yana ganin shi kaɗai ne. Wannan ya taka, wancan ya cika gora da ruwa, waccan ta ƙunshi laka a leda ta kai tsaraba, wani ya ɗauki dutse ɗaya daga tarin da aka jera shekaru aru-aru. Tafkin da bai kai kilomita ba, kaka nawa zai jure? Masana kimiyya sun yi nazarin ƙananan halittun da ke rayuwa cikin wannan ruwa mai kauri, saboda gishirinsa ya yi kama da wanda aka gano a duniyar Mas. Ko wanda bai damu da alfarma ba, ya kamata ya damu da cewa irin wannan wuri ba shi da yawa, kuma in ya lalace babu mai iya sake gina shi.

Wani zai ce a cire shingen a bar allo kawai, a roƙi mutane da girma da arziki. An gwada wannan a wani wuri, an ga ƙarshensa. A Ostareliya, ranar 26 ga Oktoba 1985 aka mayar wa mutanen Anangu dutsen Uluru. Shekara da shekaru suna roƙon baƙi da lalama kada su hau, akwai allo a gindin dutsen yana faɗin haka, amma ana karantawa ana wucewa. Sai a 2017 hukumar wurin ta yanke shawarar rufe hawan, aka rufe ranar 26 ga Oktoba 2019, shekara 34 cif bayan mayarwar. A watannin ƙarshe kafin rufewar mutane suka yi ta tururuwa, layi har gindin dutse, kowa yana son ya hau kafin a hana. Sun san masu wurin ba sa so, sanin ne ma ya ƙara musu sauri. Wannan ya isa ya nuna cewa roƙo kaɗai ba ya tsare hurumi.

Akwai masu kallon abin ta fuskar kuɗi, su ce an yi asara: da an gina masauki, an sayar da tikiti, an ɗura laka a kwalabe, da matasan yankin sun samu aiki. Wanda ya faɗi haka bai san da wa yake magana ba. Al'ummar Osoyoos, ɗaya daga cikin rassan Syilx, tana cikin waɗanda suka fi shahara da kasuwanci a tsakanin 'yan asalin Kanada. A ƙarƙashin shugabansu Clarence Louie, wanda aka fara zaɓa tun shekarun 1980, sun kafa gonakin inabi, da masaukin baƙi, da filin wasan golf, da cibiyar al'adu ta Nk'Mip da ke karɓar masu yawon buɗe ido. Mutanen da suka iya wannan ba za a ce ba su san darajar baƙo mai kuɗi ba. Sun san abin da Kliluk zai kawo, suka zaɓi kada su sa shi a kasuwa. A ganina wannan ne ma ya fi komai nuna cewa maganar tsarkin ba ta fatar baki ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san abin da ba ya sayarwa.

Kada a fahimce ni cewa kowane wuri mai alfarma dole a rufe shi. A Salinas Grandes ta Ajantina, wani faffaɗan filin gishiri a tsaunukan lardunan Jujuy da Salta, 'yan asalin yankin da kansu suke yi wa baƙi jagora zuwa cikin gishirin, suna samun abin masarufi. Su kuma faɗansu da kamfanonin haƙar litiyam ne, ma'adinin batirin waya da na mota mai lantarki, saboda tsoron abin da haƙar za ta yi wa ruwansu. A Niyu Meziko ta Amurka, mutanen Zuni sun samu dokar mayar musu da tafkinsu na gishiri a 1978, sannan suka shafe shekaru suna yaƙi da shirin haƙar kwal da zai zuƙi ruwan ƙarƙashin ƙasa kusa da shi, har aka janye shirin a 2003. Wasu sun buɗe ƙofa, wasu sun rufe. Abin da ya haɗa su shi ne suna so a ce su ne masu cewa e ko a'a. Wannan ne kuma sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta tanada a sashe na 12, inda ta ambaci haƙƙinsu na kula da wurarensu na addini da al'ada, da kare su, da shiga cikinsu cikin sirri. Lardin Birtish Kolombiya ya kafa dokar aiki da wannan sanarwa a 2019.

Gaskiya ne, mai yawon buɗe ido ba shi ne babban abokin gabar irin waɗannan tafkuna ba. Takalminsa bai kai injin haƙa ɓarna ba. Tafkin gishiri a wannan zamani dukiya ce da manyan kamfanoni ke hange, kuma Kliluk ya riga ya ɗanɗani haka sau biyu, a lokacin yaƙi da kuma a 1979. Amma tunanin da ke sa baƙo ya ɗaga waya ya tsallake shinge, cewa abin yana da kyau, ina so, masu shi ba su da hujjar da ta gamsar da ni, shi ne dai tunanin da ke kawo injin. Girman aljihu ne ya bambanta su. Shi ya sa nake ganin tsayawar mutum ɗaya a bayan shinge ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abu kuma da zamani ya kawo shi ne ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto. Mutum zai tsaya a bakin titi, ƙafarsa ba ta tsallake komai ba, amma ya tura na'ura ta yi ta shawagi a kan tafkin tana ƙugi, ya ce ai bai shiga ba. Hadisi ya ce an shar'anta neman izini ne saboda ido. Wanda ya leƙa ta katanga ya riga ya shiga. Idan a ranar akwai iyalin da suka kawo mara lafiyarsu, ko dattawan da suka zo addu'a, ƙarar da ke kansu da idon da ke kallonsu daga sama sun keta sirrin da shingen yake karewa. Hoton da aka ɗauka daga inda aka ba da dama ya wadatar.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da hanya za ta bi da su ta can, musamman ɗalibanmu da ke ƙaruwa a Kanada: a je tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwa ya janye da'irorin suka fito. A yi hankali wajen tsayawa, domin wurin ajiye mota ƙarami ne kuma motoci suna gudu a hanyar. A riƙe ruwan sha. A karanta allon kafin a ɗaga waya don ɗaukar hoto. In akwai lokaci a biya ta cibiyar Nk'Mip a Osoyoos, inda mutanen da kansu suke ba da labarin ƙasarsu da bakinsu, kuɗin shiga kuma hannunsu yake zuwa.

Mu dai mun yi kusan rabin awa a bakin shingen. Motoci suna tsayawa, a fito, a ɗauki hoto, a wuce. Da rana ta ɗan karkata sai na lura da'irorin gefen yamma sun sauya, masu ruwan ɗorawa sun koma kamar zuma. Na nuna wa ɗan yayata. Ya ajiye wayar a aljihu ya matso, muka tsaya muna ƙirgawa daga gefe guda. Mun kai wajen saba'in lissafi ya ɓace mana, muka sake farawa.